Hoton da Ke Manne a Bangon Shagonka



Maganata yau a kan hotunan talla ne, wato fastoci da kalandu da allunan da manyan kamfanonin duniya suke aiko mana ta hannun diloli, su Maggi, su Peak, su Coca-Cola. Kyauta ake ba mu, mu kuma mu manna ba tare da mun tsaya mun duba ba. To jama'a, bango dai namu ne, kuma duk wanda ya shigo sayayya zai ɗauka abin da ke jikinsa da yardarmu aka sa shi.

Hoto yana magana fiye da baki. A 2017 kamfanin Nivea na Jamus ya fitar da tallan man shafawa mai sa hasken fata a Nijeriya da Gana, da hoton wata tsohuwar sarauniyar kyau ta ƙasar nan. Mutane suka yi caa, suka ce a sauke allunan, domin saƙon da 'ya'yanmu mata za su ɗauka shi ne baƙar fata aibi ce. A 2022 kuma hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana sa baƙin ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Nijeriya, daga ranar 1 ga Oktoba. Madalla da wannan. Amma akwai sauran rina a kaba: in an cire Bature, wane ɗan Nijeriya za a sa?

Ku lura da kyau. Sau da yawa mutum uku ake jerawa: Bayarabe, Ibo da Bahaushe. In an tashi nuna Arewa, sai a kawo mai rawani bisa doki a hawan salla. Ni Bahaushe ne, ina alfahari da rawani. Amma mu nawa ne a nan muka taɓa hawa doki? Mu mutanen tireda ne da tasha da mahauta da kan keken ɗinki.

Abin da ya fi damuna kuwa, maƙwabtanmu ba sa cikin hoton sam. Tun da layin dogo ya iso garin nan a shekarun 1920, Kafanchan mahaɗa ce. Masu ciniki da mu su ne Fantswam, Kaninkon, Bajju, Atyap, Ham da mutanen Kagoro. Ina bikin Afan da ake yi a Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu? Ina bikin Tuk Ham na Kwoi? Ina manoman cittar Jaba da Kachia, waɗanda amfanin gonarsu ke ƙetare teku? In kullum mutum yana ganin an ce Arewa amma babu fuskarsa, zai ji an shafe shi, kuma a bangonmu ya gani. Garin da ya sha wahalar 1987 da 2011 bai kamata ya raina irin wannan ba.

Shawarata uku ce. Na ɗaya, kafin ka manna hoto, duba shi da idon 'yarka da kuma idon maƙwabcinka. Wanda bai dace ba, mayar wa dila, ka gaya masa dalili. Na biyu, ƙungiya ta rubuta wa wakilan kamfanonin nan takarda, tare da shugabannin kasuwa na sauran ƙabilu, mu ce a zo a ɗauki hoto a nan: kasuwarmu, tashar jirgi, ruwan Matsirga. Muna da yara masu ɗaukar hoto, su ma su samu na cefane. Kamfani ba ya wasa da maganar wanda ke sayar masa da kaya. Na uku, mu fara da kanmu: kalandar ƙungiya ta baɗi ta nuna mu yadda muke, a bakin sana'armu, tare da abokan cinikinmu.

Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya zaunar da garinmu lafiya.