Abin da Intanet Bai Sani Ba Game da Janfalan



Kafin wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, yaro a nan yakan wanke allonsa ya biya karatu da ka. Yau ko lambar mahaifiyarmu sai mun duba waya. A 2011, binciken Betsy Sparrow ta Jami'ar Kolambiya a Amurka ya nuna mutum kan yi sakaci da riƙe abin da ya san an adana masa a kwamfuta.

To, iyakokin gonakinmu da salsalar gidajenmu ba sa intanet. Suna ƙwaƙwalwar dattawa, ga shi kuma suna ta ƙarewa. In kun zo Sallah, muna roƙo ku zaunar da 'ya'yanku gabansu, su saurara, su maimaita da ka kafin su rubuta.