Baturen Gandun Daji Da Ya Rubuta Littattafan Jemagu Da Ɓeraye



Na san wasunku za su ce abin da zan yi magana a kansa yau bai kai a tara mutane dominsa ba, watau jemage da ɓera, da wani mutum wanda ya ƙarar da shekarun tsufansa yana auna ƙoƙon kawunansu, yana ƙirga haƙoransu. Sunan mutumin Donovan Reginald Rosevear. Nufina in nuna muku yadda aikin ilmi irin nasa, wanda ba a buga masa tambari ba, yakan zama harsashin da likita da malamin gona da malamin daji suke tsayawa a kai, sau da yawa ba tare da sun san wanda ya aza shi ba.

An haifi Rosevear a Ingila cikin shekarar 1900. Ya zo Nijeriya a 1924 a matsayin ma'aikacin gandun daji, ya yi ta hawa har ya zama Babban Sufeton Gandun Daji na ƙasar baki ɗaya, sa'an nan ya bar aiki a 1954. Ku lura da wannan, musamman ku ma'aikata: shi ba shaihin malamin jami'a ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai ofis da fayil da rangadi kamar kowa. Abin da ya bambanta shi da abokan aikinsa shi ne, ya mai da rangadi makaranta. Duk dabbar da ya samu sai ya rubuta inda aka kama ta, da irin dajin da take ciki, da siffarta. A 1953 ya fitar da jerin sunayen dabbobi masu shayarwa na Nijeriya tare da taswirorin inda ake samun kowace, ya kuma buɗe littafin da bayani a kan tsirran ƙasar. Nan sana'arsa ta yi masa rana, domin mutumin da ya san itatuwa shi zai fi saurin gane cewa ɓeran kurmin kudu dabam, na dajin tsakiya mai dogayen ciyayi dabam, na ƙasar ƙaya da rairayi ta arewa kuma dabam.

Da ya koma gida bai zauna cin fansho ba. Ya shiga babban gidan adana kayan halitta na Landan, inda aka tara fatu da ƙasusuwan dabbobin da aka kwaso daga ƙasashen nan tun zamanin zuwan Turawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ne littattafansa uku suka fito: na jemagun Afirka ta Yamma a 1965, na ɓeraye da danginsu a 1969, na dabbobi masu cin nama a 1974. Sun haɗa yankin tun daga Senegal har yammacin Kamaru. Ya rasu a 1986.

To, mene ne wahalar? Mu a Hausa muna da jemage, muna da ɓera da gafiya da kurege da gyazbi da jaɓa, sunaye kaɗan da suka ishe mu zaman gida. Amma a duniya akwai jemagu iri fiye da 1,400, watau wajen kashi ɗaya cikin biyar na dukan dabbobi masu shayarwa, dangin ɓera kuwa sun haura iri 2,000. Da yawansu in aka ajiye maka biyu a tafin hannu za ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Kafin Rosevear, bayanin waɗanda ke yankinmu a warwatse yake cikin mujallun Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, har akan sami dabba ɗaya da sunaye uku, domin masana uku sun raɗa mata suna ba tare da sanin juna ba. Shi ne ya zauna ya tsefe wannan kitso, ya kuma tsara abin da masana ke kira mabuɗi: tambayoyi bi da bi, kowace da amsa biyu. Shin akwai fata mai kama da ganye a kan hancin jemagen, ko babu? Shin wutsiyarsa a cikin fatar da ke tsakanin ƙafafunsa take, ko ta zarce waje? Kana amsawa hanya tana tsukewa, har ka iso ga suna ɗaya. Da wannan, mutumin da ke Zariya ko Kumasi zai iya gane abin da ya kama ba sai ya aika da shi Turai ba.

Yanzu bari mu zo inda maganar ta shafi rai. A watan Janairu na 1969, shekarar da littafin ɓerayen ya fito, wata ma'aikaciyar jinya a asibitin Mishan na garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba. Aka kai ta Jos, ta rasu, wadda ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka gano ƙwayar cutar, aka sa mata sunan garin. Amma daga ina take fitowa? Sai da ta ɓarke a Panguma ta ƙasar Saliyo a 1972, Thomas Monath da abokan aikinsa suka kafa tarkuna suka kama ƙananan dabbobi, aka gwada su, aka sami ƙwayar a jikin wani ɓera mai yawan nonuwa, wanda macensa kan yi nono har 24. Masana suna kiransa Mastomys natalensis. An buga sakamakon a 1974. Wannan ɓera yana zaune a gonaki da rumbuna da ɗakunan kwana, yana ɗauke da ƙwayar ba ta kashe shi, yana zubar da ita cikin fitsari da kashi a kan abincin mutane.

Jama'a, ku duba: likita ba zai iya cewa "ɓera ne" ya yi shiru ba. Dole ya ce wane ɓera, ina yake zama, yaushe yake haihuwa, yaushe yake shigowa gida. Amsar waɗannan tambayoyi tana hannun mai ƙirga haƙora, kuma a wancan lokaci babu littafin da ya kai na Rosevear cika a kan ɓerayen yankin nan. Haka abin yake ga ƙwayar cutar da aka samu a jikin jemagu a Ikko a 1956, da wadda aka samu a jikin jaɓa a unguwar Mokola ta Badun a 1968, dukansu dangin cutar haukan kare. In ba a san dabbar ba, rabin labarin cutar ya ɓace.

Amma fa ilmi bai tsaya inda ya bar shi ba, kuma a ganina wannan ƙarin daraja ne gare shi. A zamaninsa da ido da ma'auni ake aiki. Da aka fara duba sandunan gado da ke cikin ƙwayar halitta, waɗanda ake kira kuromosom, sai ta bayyana cewa abin da aka daɗe ana ɗauka ɓera iri ɗaya ne, ashe iri-iri ne masu kama da juna: wani yana da sanduna 32, wani 38. A 2006 binciken da aka yi a Gini ya tabbatar da cewa natalensis ɗin ne babban ma'ajin cutar. A 2016 kuma Ayodeji Olayemi na Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ife da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai waɗansu ɓeraye iri biyu da su ma suke ɗauke da ita. Ba a gyara gini sai an same shi a tsaye.

Kada in bar ku da tsoron waɗannan halittu kawai. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne muke shanya abinci a ƙasa, mu bar rumbu a buɗe. Ita daddawar ma, da za a bi salsalarta, da an tarar da jemage a ciki. Furen ɗorawa da dare yake zubo da ruwansa mai zaƙi, jemagu masu cin 'ya'yan itace su zo sha, su kwashi garin fure daga wannan itace zuwa wancan, daga nan a sami kalwa. Baker da Harris sun rubuta wannan a Gana tun 1957. Kuka da rimi su ma haka. Babban jemagen nan mai launin kara, wanda kan yi dandazo a itatuwan tsakiyar Akara, yana baza irin loko, wanda Yarabawa ke kira iroko, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna yana iya kai iri nisan kilomita 75. Ban san ma'aikacin gandun daji da ke shuka itace a irin wannan nisa cikin dare ɗaya ba tare da neman alawus ba.

Akwai abin da ya kamata a faɗa, ko da ba zai yi daɗi ba. Fatun da Rosevear ya auna a Landan suke. Mafarauta da masu gadin daji da masu fiɗa da suka kamo yawancin irin waɗannan dabbobi a zamanin mulkin mallaka, da wuya ka ga sunayensu a kan takardar da ake ɗaura wa dabbar a ƙafa. Shi kuwa an sa sunansa ga wani ɓera na Zambiya a 1980, da wani na Dutsen Kamaru a 1997, da wani ƙaramin jemage na Dutsen Nimba a Laberiya a 2013. Ya cancanta, ba musu. Sai dai ɗalibin Nijeriya da ke son kwatanta ɓeran garinsu da na asali, sau da yawa sai ya nemi biza. Maganin wannan yana hannun jami'o'inmu da ma'aikatunmu, kuma ba kuɗi mai yawa yake ci ba: tarko, da ma'auni, da akwati mai hana ƙwari, da mutum mai haƙurin rubuta wuri da kwanan wata.

Waɗanda suka ɗora a kan aikinsa kuwa suna nan a bayyane. David Happold, wanda ya koyar a Jami'ar Badun, ya buga littafin dabbobi masu shayarwa na Nijeriya a 1987, ya kawo iri kusan 250. A 2013, da aka fitar da babban kundin dabbobi masu shayarwa na Afirka mai juzu'i shida, shi ya shirya juzu'in ɓeraye, shi da Meredith Happold kuma suka shirya wanda ya ƙunshi jemagu. Sa'an nan aikin ya dawo hannun 'yan ƙasa. A 2016 Iroro Tanshi, 'yar Nijeriya, ta kama wani ƙaramin jemage mai gajeriyar wutsiya da hanci mai kama da ganye a dajin Dutsen Afi na Jihar Kuros Riba. An yi shekaru wajen 45 ba wanda ya ba da labarin ganinsa a daji, kuma ba a taɓa rubuta shi cikin jemagun Nijeriya ba. Da ta ga wutar daji ce ke barazana ga kogunan dutsen da yake kwana a ciki, sai ita da abokan aikinta suka shiga aiki da manoman ƙauyukan wurin a kan lokacin ƙona gona da yadda za a kashe wuta in ta ƙwace. An ba ta lambar yabo ta Whitley cikin 2021.