Kwafin Ko-ta-kwana: Kai Rumbun Bayanai Daga Kwantena Zuwa Gajimare

Kwantena, a harkar kwamfuta, ƙunshi ce da ake zuba manhaja a ciki tare da duk abin da take buƙata, yadda za a ɗauke ta daga wannan na'ura zuwa waccan ba tare da ta sauya hali ba. Docker ne ya yaɗa dabarar tun daga 2013, sai Google ya fito da Kubernetes a 2014 domin kula da ɗaruruwan kwantenoni a lokaci guda. An gina tsarin ne bisa cewa kwantena abar yarwa ce: in ta maƙale a kashe ta a tada sabuwa, abin da aka rubuta a cikinta kuma ya tafi tare da ita. Rumbun bayanai kuwa, irin PostgreSQL ko MySQL, aikinsa kenan riƙe abin da aka ba shi amana. Wurin haɗa waɗannan biyun ne gizo ke saƙa.

Maganin farko shi ne a jona wa kwantenar wani faifai na dindindin da ke zaune a wajenta. Wannan yana tsare bayanai in kwantena ta mutu, amma ba ya tsare su daga hannun mutum. A tsarin Kubernetes, faifan da aka samar kai-tsaye yawanci yana zuwa ne da umarnin a share shi da zarar an share takardar da ta nemo shi, don haka layi ɗaya na kuskure ya isa ya kwashe manhaja da rumbunta baki ɗaya. Rumbu na biyu mai kwaikwayon na farko daƙiƙa bayan daƙiƙa shi ma ba kwafin ko-ta-kwana ba ne, domin in an goge jadawali a na farko, nan take na biyun zai bi sahu.

A gari irin Madina wannan ba zancen littafi ba ne. Izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk ake samunsa. Ɗakunan otal-otal da ke kewaye da Harami, jerin sunayen alhazan da kamfanonin jirgin yawo ke kawowa daga Kano ko Yamai, sakamakon ɗaliban Jami'ar Musulunci da aka kafa a 1961 da na Jami'ar Ɗaiba, duk a rumbunan bayanai suke kwance, ko da wane irin tsari aka gina kowannensu. Ɗalibin da ya kammala ya shiga irin wannan aiki, a Madina ko a ƙasarsa, zai tarar cewa ranar da rumbu ya salwanta ba wanda zai tambaye shi kyawun manhajarsa.

Hanyoyin ɗaukar kwafi uku ne sanannu. Mafi sauƙi ita ce juye rumbun cikin fayil ɗaya da kayan aiki irin pg_dump ko mysqldump. Ta dace da ƙaramin rumbu, kuma fayil ɗin yana da sauƙin ɗauka zuwa wata na'ura. Aibinta biyu: in rumbu ya girma mayar da shi kan ci sa'o'i, sannan duk abin da aka shigar bayan juyen ƙarshe ya tafi. Ta biyu ita ce ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya, kamar yadda Velero ke yi tare da kwafe tsarin kwantenonin. Tana da sauri, sai dai hoton da aka ɗauka rumbu na tsakiyar rubutu daidai yake da halin da za a same shi in wuta ta ɗauke farat ɗaya. Sau da yawa yakan farfaɗo, amma ba abin dogaro ba ne sai an dakatar da rubutu na ɗan lokaci.

Ta uku ce ta cancanci rumbun da ake ji da shi. PostgreSQL yana rubuta kowane sauyi a wani kundi kafin ya taɓa ainihin bayanan. In aka ɗauki cikakken kwafi sau ɗaya a mako ko a rana, sannan aka riƙa tura gutsattsarin wannan kundi zuwa gajimare, wato ma'ajiyar da ke kan intanet, ba ƙaƙƙautawa, ana iya mayar da rumbu yadda yake a kowane minti da aka zaɓa, misali minti ɗaya kafin a yi aika-aikar. Aikin pgBackRest da WAL-G kenan. Kafin a zaɓi hanya, tambaya biyu ake yi wa mai rumbun, ba injiniya ba: bayanan awa nawa zai iya jure rasawa, kuma awa nawa zai iya zama a rufe?

A Kubernetes, abin da ake kira CronJob ne ke tada 'yar kwantena a kan jadawali: ta ɗauki kwafin, ta matse shi, ta kulle shi da mabuɗin sirri, ta tura ma'ajiya, ta mutu. Littattafai kan ce a sa aikin ƙarfe biyu na dare, lokacin da kowa ke barci. Nan akwai tarko biyu. Yawancin sabobi agogon duniya na UTC suke bi, Saudiyya kuma tana gabansa da awa uku, don haka ƙarfe 2 a jadawali ƙarfe 5 ne a Madina, wajen Asuba, lokacin da gari ya riga ya tashi. Dole a rubuta yankin lokaci ƙarara. Na biyu, a watan Ramadan, musamman goman ƙarshe, daren Madina ya fi ranarta cunkoso. Jadawalin da ya dace da Safar yana iya danne rumbu a daren 27.

Sai batun inda kwafin zai sauka. Amazon ya buɗe ma'ajiyar S3 a 2006, kuma salon maganarta ya zama wanda kusan kowace ma'ajiyar gajimare ke fahimta, har kayan aiki ɗaya kan iya turawa wurare da dama. Amma a Saudiyya ba fasaha kaɗai ke yanke hukunci ba. Dokar kare bayanan mutane, wadda hukumar SDAIA ke kula da ita, ta fara aiki a Satumban 2023, aka ba da wa'adin shekara guda don kowa ya daidaita. Ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, bayanan hukumomin gwamnati kuwa ƙa'idarsu ta fi tsauri. Kwafin ko-ta-kwana bayanai ne cikakku. Wanda ya jefa shi ma'ajiyar Jamus don ta fi araha ya fitar da su daga ƙasar kenan, ko da manhajar tana Madina. Cikin gida akwai zaɓi: Oracle ya buɗe cibiya a Jidda a 2020 da wata a Riyad a 2024, Google kuma ya buɗe tasa a Dammam a 2023. Daga Madina, Jidda ta haura kilomita 400, Riyad ta haura 800, Dammam ta wuce 1,000.

Nisan yana da amfani. A Maris ɗin 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin gajimare na OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, waɗansu abokan cinikin suka gano cewa kwafinsu a harabar guda yake da asalin. Tsohuwar ƙa'idar 3-2-1 tana nan daram: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gari.

Nisan gari bai wadatar ba in mabuɗi ɗaya ne. Saudiyya ta ɗanɗana a Agustan 2012, lokacin da ƙwayar cutar Shamoon ta goge kwamfutocin Aramco kusan 30,000. A 2014 wani ya kutsa asusun kamfanin Code Spaces a gajimaren Amazon, ya share bayanai haɗe da kwafinsu, kamfanin ya rufe. Saboda haka mabuɗin da ake bai wa 'yar kwantenar nan na rubutu ne kawai, ba ya sharewa. Ma'ajiyar tana ƙarƙashin wani asusu dabam. Ana kuma kunna kullen da ke hana kowa goge fayil kafin cikar wa'adinsa. Mabuɗin sirrin da aka kulle kwafin da shi ba a barinsa cikin Kubernetes kaɗai, in ba haka ba ranar da tsarin ya rushe za a samu akwati a hannu, makullinsa ya nutse.

Babu abin da ya fi nuna muhimmancin gwaji kamar abin da ya sami kamfanin GitLab a ranar 31 ga Janairun 2017. Wani injiniya ya goge bayanai kusan gigabait 300 daga babban rumbu, yana zaton na biyu yake taɓawa. Da aka leƙa ma'ajiyar S3 sai aka tarar wayam. Ashe pg_dump ɗin da ke aikin samfurin 9.2 ne, rumbun kuwa 9.6, don haka aikin ya daɗe yana faɗuwa, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isa ga kowa. Wani hoton faifai da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan waɗannan sa'o'i suka tafi. A duniyar kwantena wannan kuskure ya fi sauƙin aukuwa, domin rumbu da mai ɗaukar kwafi kowanne ƙunshinsa dabam, ana sabunta ɗaya a manta da ɗayan.

Gyaran kashi biyu ne. Ƙararrawa ta riƙa kaɗawa in kwafi bai iso a kan lokaci ba, ba sai an jira saƙon gazawa ba. Sannan wani CronJob na biyu ya riƙa ɗauko kwafin jiya, ya tada rumbun wucin gadi, ya mayar, ya ƙirga layukan manyan jadawalai, ya rubuta mintin da aikin ya ci. Wannan adadi ne kaɗai amsar gaskiya ga tambayar awa nawa rumbu zai zauna a rufe.

Kuɗi ne ke tsara sauran. Yawancin masu gajimare ba sa cajin shigar da bayanai, amma suna cajin fitarwa, kuma ajin ajiya mafi araha kan ɗauki sa'o'i kafin ya saki fayil. Shi ya sa ake barin kwafin makonnin baya-bayan nan a aji mai sauri, na wata-wata da na shekara a tura su mai arha, a kuma sa ranar da kowanne zai goge kansa, tunda dokar kare bayanai ba ta yarda a riƙe bayanan mutum bayan buƙatarsu ta ƙare ba.