Bindiga a Ƙugu: Abin da Kube Ya Koya wa Amurkawa

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Tun da muka yi shiri kan tsaro nake ta samun saƙo iri ɗaya daga matasa: "A bar mu mu riƙe bindiga kamar a Amurka mana." Wani ma har bidiyo ya turo min, wani Ba'amurke yana sayayya a kanti, ƙaramar bindiga rataye a ƙugunsa, babu mai ko kallonsa. To na ce bari yau mu leƙa can ɗin, mu ga abin da bidiyon bai nuna ba. Kuma da ƙaramin abu zan fara, wato kube. E, kube dai irin na wuƙa da takobi. Bindiga ma tana da nata.

A Amurka 'yancin mallakar makami yana cikin gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu, tun 1791. A 2008 Kotun Ƙolinsu ta ce wannan 'yanci na ɗaiɗaikun mutane ne, a 2022 kuma ta ce ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga waje don kare kai. Fitar kuma iri biyu ce. Akwai mai ratayawa a fili kowa na gani, akwai mai ɓoyewa cikin tufafi. Kowace jiha da nata tsarin. Texas, misali, tun watan Satumba na 2021 ba sai da lasisi ba ga wanda doka ba ta haramta wa ba. Amma ku ji fa, a Texas ɗin nan, in za ka fito da ita a fili, dole tana cikin kube.

Me ya sa doka za ta damu da kube? Bari in ba ku labarin Plaxico Burress. Ɗan wasan ƙwallon Amurka ne a ƙungiyar New York Giants, shi ya ci musu makin da ya ba su kofi a farkon 2008. A watan Nuwamba na wannan shekarar ya shiga wani gidan rawa a birnin New York da bindiga ƙirar Glock soke a ƙugun wandonsa, babu kube. Bindiga ta zame tana gangarawa cikin wando, ya kai hannu zai cafke ta, yatsa ya faɗa kan kunama. Sai ƙara! Ya harbi cinyarsa. Da yake ba shi da lasisin riƙe ta a New York, aka yanke masa ɗaurin shekara 2. Mutum yana ganiyar tashe, ga rauni, ga gidan yari.

Nan ne aikin kube yake. Yawancin ƙananan bindigogin zamani irin su Glock ba su da wani makulli na gefe da za ka kunna ko ka kashe. In akwai harsashi a ciki, duk abin da ya ja kunama, ko yatsa ne, ko igiyar riga, ko makullin mota a aljihu, to za ta tashi. Shi ya sa masu koyar da harkar a can suke duba abu uku kafin su ce kube ya yi. Dole ya rufe kunama da kewayenta ruf, ta yadda ba abin da zai kai gare ta. Dole ya riƙe bindigar gam, ko mutum ya yi gudu ko ya faɗi ba za ta fice ba. Sannan bakinsa ya tsaya a buɗe bayan an zare ta, don a iya mayarwa da hannu ɗaya. Wannan ya sa da yawa suka koma wa wata roba mai tauri da ake kira Kydex, wadda ake ƙera ta daidai da ƙirar bindiga guda. Kuben fata yana da daɗin sawa, amma in ya tsufa ya yi laushi, bakinsa kan lanƙwashe ya shiga wajen kunama. Na yadi mai arha, wanda ake cewa kowace bindiga na shiga, shi suka fi gargaɗi a kai. Kuma ko kuben ya yi kyau, in bel ɗin mai laushi ne, duk a banza.

Mai ratayawa a fili yana da ƙarin matsala: kowa ya san inda take, har da mai mugun nufi. Wani zai iya zuwa ta baya ya fizge. Don haka irinsu suke amfani da kube mai makulli, irin na 'yan sandansu, wanda sai ka danna wani abu da yatsa kafin bindigar ta fito. Shi kuma mai ɓoyewa, yawanci a cikin ƙugun wando yake saka kuben, matsalarsa tufafi ce. Wurin mayar da bindiga ne aka fi samun haɗari, gefen riga ya cusa cikin kube ya ja kunama. Shi ya sa ake ce musu wajen mayarwa babu gaggawa: ka duba da idonka, ka janye riga, yatsa a miƙe a waje, sannan a hankali.

Akwai kuma masu sawa a jaka. A watan Disamba na 2014, a wani kantin Walmart a jihar Idaho, wata mata mai lasisi ta je sayayya da yara. Bindigarta na cikin jaka mai aljihu na musamman da zif. Ɗanta ɗan shekara 2 ya zuge, ya sa hannu, bindiga ta tashi, uwar ta mutu nan take. Inna lillahi. Jaka dai ajiye ta ake yi, kuma minti ɗaya ya ishi yaro.

Bayan kube sai halin mai riƙewa. Wani tsohon sojan Amurka, Jeff Cooper, ya yaɗa ƙa'idoji huɗu da har yau da su ake fara koyarwa. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi. Kada ka nuna bakinta ga abin da ba ka shirya hallakawa ba. Yatsanka kada ya taɓa kunama sai ka saita abin da za ka harba. Ka tabbatar da abin da kake hari, da abin da ke bayansa, domin harsashi yana huda bango da ƙofa. Ku lura da hikimar: sai ka karya fiye da ɗaya kafin a yi asarar rai. Ƙari biyu kuma: cire gidan harsashi ba ya nufin ta zama fanko, ɗaya na iya zama a ciki. In kuma ta suɓuce, ka bar ta ta faɗi, kada ka cafka. Da Burress ya bi wannan, da labarinsa ya canza.

Duk da wannan horo, hukumar lafiyar Amurka ta CDC ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta yi ajalinsu a 2021, kuma fiye da rabi kansu suka kashe. Wato bindigar da aka saya don ɓarawo, sau da yawa a cikin gida take yin ɓarna.

To mu dawo gida. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin haramtattun makamai, sai da izinin Shugaban Ƙasa. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ni wallahi ba na raina tsoron wanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu. Mai cewa a ba shi makami ba hauka yake ba, gajiya ya yi. Amma kada wani ya saurari shirin nan ya ce na ce ya je ya nemo ta bayan fage. Wannan laifi ne, kuma gidan yari ne ƙarshensa.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne wannan. A unguwanninmu akwai masu riƙe da bindiga, 'yan sintiri, maharba, jami'an tsaro. Sau nawa muka ga an jingine ta a bango yara na wasa a gefe? Sau nawa aka yi harbi sama a biki, alhali harsashin da ya hau sai ya sauko? In abu ya faru mu ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yarda da ƙaddara, amma yatsa a kan kunama sakaci ne, kuma muna da bakin da za mu ce, "Yallaɓai, don Allah a juya bakinta ƙasa," ko "Baba, a ɗauke ta daga inda yara suke."

Ku rubuto min a ƙasa: a unguwarku, wa ke horar da 'yan sintiri, kuma a ina suke ajiye makamansu da dare? Zan karanto amsoshinku a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa wani ya karanta. Allah ya ba mu zaman lafiya, wassalamu alaikum.