Ikon Hana Taro da Fita a Lokacin Dokar Ta-ɓaci: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Idan ƙasa ta rikice, ƙofar hakimi ce talakawa suka fara nufa. Wani ya zo tambaya ko kasuwa za ta ci gobe, wani ko za a bar shi ya kai amarya, wani kuwa ko yana iya fita gona da asuba. Saboda haka ya wajaba hakimi da malaminsa su san asalin ikon da ake hana jama'a taro ko fita da shi, su san wanda ke da shi, su kuma san inda ya tsaya.

Abin da ya faru a Kano a 1953

A zamanin mulkin Turawa wannan iko yana hannun En'e. Ita ke da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari, kuma duk mai son yin lacca a bainar jama'a sai ya nemi izninta. An jarraba wannan iko jarrabawa mai tsanani a Kano a 1953.

Ran 31 ga Maris na shekarar nan Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai ta Ikko, cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a gyara maganar, a ce sai lokacin da ya dace. Da wakilan Arewa suka fito aka yi musu ature a titi, suka komo gida da ɓacin rai. Bayan 'yan makonni jam'iyyar Action Group ta shirya rangadin Arewa, Samuel Akintola na kan gaba, aka sa ranar lacca a Kano, Asabar 16 ga Mayu.

En'en Kano ta riga ta ba da izni, sa'an nan ta janye shi a ranar da za a yi taron. Amma kafin nan labari ya game gari, zukata sun yi zafi. Faɗa ya ɓarke, ya fi muni tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi. Ran 18 ga Mayu gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka kawo soja. Rahoton gwamnati ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni.

Ba wanda ya yi musun cewa En'e tana da ikon janye izninta. Abin lura shi ne, hanin da ya zo a ranar taro bai iya hana jama'a taruwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma da abin ya fi ƙarfin 'yan doka, En'e ba ta kafa wa kanta dokar ta-ɓaci ba, daga sama aka kafa ta.

Iyakar da kotu ta sa a 1962

Ran 29 ga Mayu 1962 Majalisar Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma saboda rikicin jam'iyyar da ke mulki a can. Aka naɗa Dokta Majekodunmi ya zama Kantoma, aka ba shi ikon tsare manyan 'yan siyasa a garuruwan da ya zaɓa. Cikin waɗanda ya tsare har da lauya Rotimi Williams, wanda aka hana shi barin Abeokuta. Lauyan ya kai ƙara. Kotun Ƙoli ta yarda Majalisa tana da ikon kafa dokar, amma ta ce ba a nuna wani dalili ƙwaƙƙwara na tsare shi wannan mutum ba, ta soke umurnin. Watau ko a tsakiyar ta-ɓaci, duk wanda ya hana mutum tafiya sai ya iya faɗin dalili a gaban alƙali. In an nemi haka ga Kantoma mai riƙon jiha sukutum, ina ga mai riƙon gunduma?

Inda ikon yake a yau

An karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e a zamanin mulkin soja na farko, sa'an nan gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi a madadinta. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 305, ya ɗora ikon kafa dokar ta-ɓaci a kan Shugaban Ƙasa kaɗai. Gwamna yana iya roƙo a kafa ta a jiharsa in kashi biyu cikin uku na majalisarsa sun goyi baya. Lalle ne a buga shelar a Gazet, kuma lalle ne kashi biyu cikin uku na kowane zauren Majalisar Tarayya su amince cikin kwana 2 in suna zama, ko kwana 10 in ba su zama. Wa'adinta wata 6 ne, sai fa in an ƙara. A kan wannan sashe aka kafa ta a Jihar Filato a 2004, da ƙananan hukumomi 15 na Borno da Yobe da Filato da Neja a ƙarshen 2011, da jihohin Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013.

Sashe na 40 ya ba ɗan ƙasa 'yancin taro, na 41 ya ba shi 'yancin tafiya. Sashe na 45 ya yarda a rage su domin tsaron ƙasa ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a, amma da sharaɗi biyu: a yi da doka rubutacciya, kuma kada a wuce gwargwadon bukata. Har neman iznin lacca ma ya tashi. Bayan 'yan sanda sun tarwatsa taron jam'iyyar ANPP a Kano a 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007 cewa tilasta wa mutane neman iznin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa Tsarin Mulki.

Ita ƙaramar hukuma, abin da aka lissafa mata shi ne kasuwanni, da tashoshin mota, da mahauta, da maƙabartu, da kula da kantuna da gidajen abinci. A nan take da ikon yin ƙa'idoji. Ba ta da 'yan sanda nata, kuma ba a lissafa hana fita cikin ayyukanta ba. Shi kuwa hakimi ba ya kafa doka. Aikinsa isar da ita, da nasiha, da kai rahoto ga Sarki da shugaban ƙaramar hukuma.

Abin da ya wajaba a kan hakimi da malaminsa

Na farko, duk umurnin hani da ya iso, malami ya nemi takardarsa, ya shigar cikin littafi: wanda ya sa hannu, dokar da ya dogara da ita, ranar farawa, da ranar ƙarewa. In da baki ko ta waya ya zo saboda gaggawa, a rubuta sunan mai maganar da sa'ar da ya yi ta, a kuma nemi takarda ta biyo baya.

Na biyu, a yi shela daidai da abin da ke cikin takarda. In an hana fita daga ƙarfe 6 na yamma, kada mai shela ya ce daga la'asar. Dagaci ko mai unguwa da ya ƙara nasa hani a kai ya fita daga inuwar doka, laifin kuma nasa ne.

Na uku, a tambaya tun da wuri yadda za a yi da mai naƙuda, da majinyaci, da jana'iza, da ɗiban ruwa, da shayar da dabbobi. Wanda ya rubuta umurni a babban birni bai san ranar da kasuwar ƙauye ke ci ba, bai san damina ta kama ba. Hakimi ne ya sani, shi ne kuma zai faɗa. Magidancin da aka hana fita kwana uku ba tsaba a gidansa zai fita, ko da doka ko ba doka.

Na huɗu, kada a bambanta. In an hana taron wannan jam'iyya, an hana na waccan. In an rufe shagon baƙo, an rufe na ɗan gari. Hanin da ya zaɓi wasu ya bar wasu shi ke haifar da fitinar da aka kafa shi domin ta.

Na biyar, kama mutum da hukunta shi aikin 'yan sanda ne da kotu. Ba a cin tara a zauren hakimi, ba a barin 'yan banga su doki wanda dare ya riska a hanya.

Na shida, ranar da wa'adi ya cika a yi shelar ɗagewa da ƙarfin da aka yi shelar kafawa, domin kada wani ya ci gaba da tare hanya yana karɓar kuɗin talakawa da sunan dokar da ta riga ta mutu.

Babban amfanin hakimi yana gaban ta-ɓaci, lokacin da jita-jita ta fara yawo a kasuwa da majalisun dare. In ya ji da wuri, ya tara malamai da limamai da shugabannin baƙi, ya kai rahoto kafin ranar taro, sau da yawa ba a kai ga hana kowa fita ba. In kuwa an kai, littafin malaminsa shi zai tsaya masa shaida ranar da aka zo bincike.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.