Idan Allurar Rigakafi Ta Tayar da Borin Jini

Ranka ya daɗe Dagacin Ɗankaza, malamanmu, iyayenmu mata, da ma'aikatan lafiya na Wudil, barkanmu da wannan zama.

Kowa a nan ya san gidan da aka kai yaro rigakafi, jikinsa ya ɗau zafi da dare, daga ranar aka cusa katin ƙarƙashin katifa. Ba zan ce tsoron ba shi da tushe ba. Kano ba ta manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara ana tsakiyar annobar sanƙarau, har goma sha ɗaya suka rasu. Amma mashaƙon da ya yi mana ɓarna a 2023 ya fi kama yaran da ba su kammala alluransu ba.

Zazzaɓi da kumburin wurin allura ba abin tashin hankali ba ne, jiki ne ke aikinsa, kwana biyu ya wuce. Wanda ke buƙatar bincike daban yake: cikin mintuna kaɗan borin jini ya feso, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Irin wannan mai tsananin bai fi mutum ɗaya ko biyu cikin allura miliyan ba, kuma maganinsa allurar adrenalin ce a cinya, nan take. Abin da ya sa ake cewa a zauna minti 15 bayan allura ke nan, ba don ma'aikaciya na son ɓata wa kowa lokaci ba.

Sau da yawa ba sinadarin rigakafin ne jiki ya ƙi ba, wani mahaɗi ne a ciki, kamar furotin ɗin ƙwai a rigakafin shawara, ko jelatin a wasu alluran. Gwajin fata shi ke neman mai laifin. Bayan 'yan makonni, likita zai ɗiga abin da ake zargi a damtse ko sangalin hannu, ya ɗan tsaga fatar da tsinin allura. Gefe guda ya ɗiga ruwan gishiri, wanda bai kamata ya tayar da komai ba, da histamin, wanda dole ya tayar. Bayan minti 15 zuwa 20 a auna kumburin. Idan ya zarce na ruwan gishiri da milimita 3, an samu alama. Wanda ya sha Piriton kafin ya zo ya ɓata gwajin, don haka a faɗa wa likita gaskiya. Kuma a asibiti ake yinsa, ba a kemis ba.

Gwajin ba ya sanin gaibu. Lokacin korona, bayan ma'aikatan lafiya biyu a Ingila sun sami matsala da allurar rigakafin korona a Disamba 2020, an yi ta gwada mutane da sinadarin PEG da ke cikin allurar, daga baya aka ga akasarin waɗanda allurar farko ta tayar wa jiki sun karɓi ta biyu lafiya. Ko da gwaji ya nuna alama, ana iya sauya samfuri, ko a raba allurar kaɗan-kaɗan a gaban likita.

Roƙona gare ku, iyayena: idan abu ya faru, ku koma da yaron da katinsa, a rubuta, a tura ku Babban Asibitin Wudil ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ma'aikata kuma, kada ku buɗe kwalbar rigakafi babu adrenalin a kan teburi.