Taimakon Ƙasashen Waje Da Zaman Lafiyarmu A Legas
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Agege

Mai girma Sarkin Hausawan Agege, malamai, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata.

Bayan gaisuwa, duk wanda ya daɗe a Legas bai manta da rikicin kasuwar Ketu na Nuwamba 1999 ba, da na Idi-Araba na Fabrairu 2002, inda aka yi asarar rayuka da dukiya tsakaninmu da maƙwabtanmu Yarbawa. A shekarun nan ne hukumomin ƙasashen waje suka shigo Nijeriya da kuɗi da masana don koyar da sulhu. Hukumar USAID ta Amurka ta tallafa wa tarurrukan sasanci, daga baya kuma ta taimaka wa cibiyar Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a Kaduna. Ranar 22 ga Agusta 2002, malaman Musulunci da na Kirista 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, da taimakon wani limamin coci daga Ingila, Andrew White.

Wannan alheri ne, mun gode. To amma mu lura da abu biyu. Na farko, wata uku kacal bayan sa hannun, a Nuwamba 2002, rikici ya sake ɓarkewa a Kaduna. Ashe takarda ba ta tare wuta sai da mutanen unguwa. Na biyu, taimakon waje yana bin siyasar mai bayarwa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID, ayyuka da yawa suka tsaya. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da yake namu shi ne tsarin mulkin 1999. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama ko'ina a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko asali. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a kowace jiha. Wato a gaban doka, Bahaushen Agege ba baƙo ba ne.

Saboda haka muna kira ga magidanta: idan an samu saɓani da mai gidan haya ko abokin ciniki, kada a ɗauki doka a hannu. A fara kai magana wurin Sarki da shugabannin kasuwa, su zauna da dattawan Yarbawa. In ta faskara, ma'aikatar shari'ar Jihar Legas tana da cibiyar sasanci, kuma kyauta take aiki. A riƙa adana takardar haya da rasit. A ja kunnen yara su guji yaɗa jita-jita ta waya.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.